Ƙarin Filtar Mai a Babbar Mota Mai Aiki da Gas

Mafi yawan kayan da a ke ɗauka daga kasuwannin Arewa zuwa na Kudu, a babbar mota su ke tafiya. Shanun Potiskum da na Maigatari, albasar Sakkwato da ta Kebbi, tumatirin Kano, duk sai sun hau gingimari ko tirela kafin su isa hannun mai saye. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. In mota ta tsaya a daji kwana biyu da kwandunan tumatir a bayanta, ko da dabbobi cikin rana, hasarar ba ta tsaya kan mai mota kaɗai ba, ta shafi manomi da ɗan kasuwa da direba da yaran mota baki ɗaya.

Cikin abubuwan da su kan tsai da mota irin wannan, ƙazantar mai tana sahun gaba. Sabo da haka masu motoci da yawa su kan sa makanikai su canja tsarin tace mai, su ƙara wata filta a kan wadda motar ta zo da ita. Wannan dabara ce mai kyau in an yi ta bisa ƙa'ida. In kuwa an yi ta da ka, ta kan jawo ɓarnar da ta fi wadda a ke gudu. An shirya wannan takarda domin bayyana dalilin aikin, da yadda ya kamata a yi shi, da abubuwan da ya wajaba a guje wa.

Abin da ya sa injin gas ba ya jure ƙazanta

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago wannan inji, ya kuwa samu ya yi aiki sosai a garin Agusbag na ƙasar Jamus cikin 1897. Da sunansa a ke kiran man dizal, wanda a nan aka fi sani da gas. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mai a cikinta, ya kama da kansa. Domin man ya fesu kamar hazo, tilas a tura shi da ƙarfi ta wasu 'yan ramuka a bakin nozul. Babban famfo, watau injekta, shi ke wannan turi. Kamfanin Bosch ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa domin sayarwa cikin 1927, daga nan manyan motoci masu gas suka soma yaɗuwa a duniya.

Domin a gane ƙanƙantar abin da a ke magana a kai, sai a san wani ma'auni da a ke kira maikiron. In aka raba milimita ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Ƙwayar da ta gaza maikiron 40 ido ba ya ganinta. To, tazarar da ke tsakanin 'yar sandar da ke tura mai a cikin famfo da gidan da ta ke kai da kawowa a ciki ba ta wuce maikiron 2 zuwa 4 ba. Ashe ke nan ƙurar da ke cinye famfo ba wadda a ke gani a gindin jarka ba ce kaɗai. Man da ya yi garau a ido yana iya ɗauke da ƙwayoyin yashi masu goge ƙarfe a hankali, kamar yadda dutse ke wasa wuƙa.

Tsofaffin motoci, irin Mercedes 911 da aka daɗe ana aiki da ita a ƙasar nan, nozul ɗinsu ya kan buɗe in ƙarfin turi ya kai wajen bar 200. Bar shi ne ma'aunin da a ke auna iskar taya da shi, tayar babbar mota kuwa ta kan ɗauki bar 7 ko 8. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wani sabon tsari a motocin Hino, inda bututu ɗaya ke tara mai ya raba wa nozul duka, kwamfuta kuma na kula da buɗewarsu. Shi ne makanikai ke kira kwaman-rel. A irin wannan inji ƙarfin turi ya kan kai bar 2,000 ko fiye, ramukan sun ƙara ƙanƙancewa, juriyarsu ga ƙazanta ta ragu. Man da tsohuwar mota za ta sha ta wuce, yana iya kashe nozul ɗin sabuwa cikin ɗan lokaci.

Maƙiyan mai guda uku

Na farko ƙura da tsatsa. Da hunturu iska ta kan kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta ko ina. Tankin mota yana da 'yar kafar shaƙar iska, domin in mai ya ragu iska ta maye gurbinsa, ƙura kuwa ta kan bi iskar nan. Ga kuma wadda ke shiga ta mazurari mai datti, da tsatsar tsohon duro, da jarkar da aka bari ba murfi.

Na biyu ruwa. Ya kan zo tare da man da aka saya, ya kan kuma taru a cikin tankin da kansa. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce, sai danshin iskar da ke ciki ya zama raɓa a jikin ƙarfe ya gangara ƙasa, musamman da damina. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta gas kuwa wajen giram 840, shi ya sa ruwa kullum ya ke kwanciya a ƙarƙashin mai. Gas da kansa shi ke zama man shafawa ga famfo da nozul. In ruwa ya shiga, santsin nan ya tafi, ƙarfe ya ci ƙarfe, in mota ta kwana biyu a ajiye tsatsa ta kama.

Na uku wani baƙin yauƙi da a kan tarar ya toshe filta. Wasu ƙananan halittu ne ke kawo shi, waɗanda ke zaune a inda ruwa da mai suka haɗu a gindin tanki, suna cin man suna hayayyafa. In babu ruwa ba su rayuwa. Sabo da haka wanda ya kori ruwa ya yi maganin maƙiya biyu.

Hanyar da mai ke bi

Daga tanki ƙaramin famfo ke jawo mai. Ya tura shi cikin filtar inji, wadda masu ƙera motar suka sa. Daga nan ya shiga babban famfo, ya wuce nozul. Man da inji bai ƙone ba ya koma tanki ta bututun komawa. A lura da wannan: daga tanki zuwa ƙaramin famfo, tsotso a ke yi. Daga ƙaramin famfo zuwa gaba, turi a ke yi. Mafi yawan kurakuran da a ke yi wajen ƙarin filta daga rashin bambanta wuraren nan biyu su ke tasowa.

Filtar inji mai laushi ce, ta kan tare ƙwayoyin da suka kai maikiron 2 zuwa 5 a sababbin motoci, a tsofaffi kuwa wajen 10. Ita ce mai tsaron ƙofar ƙarshe. In ita kaɗai aka bar wa yashi da tsatsa da ruwa da yauƙi, ta kan cika da wuri. Alamarta ita ce mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa shaƙewa in an taka totur, daga baya ta mutu.

Canjin da ya dace

Canjin da ya fi amfani shi ne a ƙara filtar farko mai kwanon tara ruwa a tsakanin tanki da ƙaramin famfo, a bar filtar inji yadda ta ke. Wasu motoci sun zo da ita daga kamfani, amma ta kan yi ƙanƙanta ga irin man da a ke samu a kan hanya, sai a sa babba a madadinta. Kamfanoni kamar Racor da Fleetguard da Donaldson da Mann suna yin irinta. Tsofaffin makanikai sun san ta CAV ta Ingila mai kwanon gilashi, wadda a kan gani a injunan Perkins da taraktoci.

Aikinta biyu ne. Ta tare manyan ƙwayoyi, ta kuma sa ƙananan ɗigon ruwa su haɗu da juna su yi nauyi su faɗa kwano, inda direba zai gan su ya zubar. Dalilin sa ta kafin famfo shi ne, in ruwa ya riga ya bi ta cikin famfo, famfon ya kan kaɗa shi da mai kamar yadda a ke kaɗa nono, ɗigon su yi ƙanana ƙwarai, raba su ya yi wuya.

Wajen zaɓe, abu uku ya kamata a duba.

1. Laushinta. Filtar farko ta zama ta maikiron 10 zuwa 30. Waɗansu suna zaton in sun sa ta maikiron 2 a nan sun ƙara tsaro. Kuskure ne. Ƙaramin famfo ya fi ƙarfin turi bisa tsotso. In aka sa masa filta mai laushi ƙwarai a gefen tsotso, ta toshe nan da nan, famfo ya wahala, inji ya ji yunwar mai. A kwaman-rel, yunwar mai tana lalata babban famfo, gama da man ya ke sanyaya jikinsa. Rariya mai manyan ido a gaba, mai ƙanana a baya, kamar yadda a ke tankaɗen gari.

2. Girmanta. Ba yawan man da inji ke ƙonewa a ke dubawa ba, yawan wanda famfo ke ja ne. Famfo ya kan ja ninki biyu ko uku na abin da a ke ƙonewa, wani lokaci fiye, sauran ya koma tanki. Ko wace filta an rubuta lita nawa ke iya bi ta cikinta a sa'a ɗaya. A nemi wannan adadi a littafin mota ko wurin dillali, a sayi wadda ta fi shi. Babba ba ta ɓarna, ƙarama ita ke yi.

3. Samuwar cikinta. Gidan filta sau ɗaya a ke saye, amma takardar da ke ciki kullum a ke canjawa. Kada a sayi irin da ba a samun cikinta sai a gari ɗaya. A kuma yi hankali da jabu, gama akwai su a kasuwa da fenti da suna iri ɗaya da na ainihi, takardar ciki kuwa kaɗan ce, ko gam ɗinta ya saki mai ya wuce ta gefe ba tacewa. Araha ba ta ado.

Yadda a ke ɗaurawa

Kafin kome, a wanke tanki. A kwance kusar gindinsa a zubar da ruwa da laka. In an ga tsatsa ko yauƙi da yawa, a sauke shi a wanke sosai. In ba haka ba sabuwar filta za ta cika cikin kwana kaɗan, mai mota ya ce ba ta da kyau. A cire kan batir, kada a sha taba kusa. Ko da ya ke gas bai kai fetur saurin kamawa ba, in ya ɗiga a kan salansa mai zafi yana iya tashi.

Sa'an nan a zaɓi wuri. A ɗaura ta a tsaye a jikin shasi, da ƙarfe mai kauri wanda ba zai karye da girgizar hanya ba. Ta yi nesa da salansa, ta kuma kauce wa tsakuwar da taya ke watsowa. In kwanon gilashi ne, a yi masa garkuwa, ko a nemi na roba mai ƙarfi ko na ƙarfe. A bar fili a ƙarƙashinta inda hannu da gwangwani za su shiga, gama filtar da ke da wuyar kaiwa ba wanda zai riƙa zubar da ruwanta. Kada a ɗaga ta sama da tanki da nisa, don kada tsotso ya ƙara nauyi.

Tiyon da za a yi aiki da shi ya zama wanda aka yi domin gas, faɗinsa kuma kada ya gaza na bututun da motar ta zo da shi. Tiyon ruwa ya kan kumbura ya ruɓe daga ciki, ɓarɓashinsa ya bi mai. Kada a yi amfani da bututun jan ƙarfe, ko ƙarfen da aka shafa wa tutiya irin ta kwanon rufi, domin gas ya kan ci su ya kai gurɓatar cikin nozul. A rage lanƙwasa da mahaɗai gwargwadon iko. A ɗaure tiyon don kada ya riƙa gogar shasi. A kan gidan filta akwai kibiya mai nuna mashiga da mafita, a bi ta.

Ko wace mahaɗa a sa mata sabuwar washa, a tabbata zaren noti ya dace da na gidan, kada a tilasta. Abin lura a nan shi ne, mahaɗar da ba ta kamu ba a gefen tsotso ba ta ɗigar da mai. Iska ta ke zuƙa. Mutum ya duba bai ga jiƙa ba, ya ce lafiya, alhali kuwa mota na wuyar tashi da safe, tana kuma mutuwa a hanya. Kada a naɗa farin zaren roba na masu aikin famfon ruwa har ya leƙa bakin bututu, gama in ya yanke cikin famfo zai nufa.

In an gama, a fitar da iska. A sassauta kusar fitar da iska a kan filta, a riƙa danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure. Kada a cika filtar inji da man jarka ta ramin tsakiya domin sauri. Ramin tsakiya shi ne gefen man da aka riga aka tace, duk abin da aka zuba nan kai tsaye zai wuce babban famfo. In ana buga kik, kada a wuce rabin minti, a huta minti biyu kafin a sake.

In mota ta tashi, a bar ta ta yi aiki, a duba kwano ko akwai kumfa. A ɗora mata kaya a gwada ta a hawa. Bayan tafiyar farko a sake bin mahaɗai duka da sifana.

Abubuwan da ba a yi

Kada a cire filtar inji don an sa ta farko. Kada a canja ta da wata mai manyan ido don wai ta fi daɗewa. Daɗewarta alama ce ƙazanta na wucewa.

In filta ta toshe a hanya, waɗansu su kan huda takardarta da ƙusa, ko su haɗa tiyo ya tsallake ta, don dai a isa gari. Mota za ta tashi, amma duk dattin da filtar ta tara wata da watanni zai shiga famfo cikin sa'a guda. Haka nan wanke takardar da fetur ko hura mata iska ba ya mai da ta sabuwa, buɗa idanunta ya ke yi. Magani shi ne ko wace mota ta riƙa tafiya da cikin filtar farko guda biyu da na inji guda ɗaya, a naɗe cikin ledarsu. Kuɗinsu bai kai na nozul ɗaya ba.

A motar kwaman-rel kada a sassauta bututun nozul domin fitar da iska kamar yadda a kan yi wa tsohuwar mota. Kada kuma a lalubi yoyo da hannu inji na aiki. Man da ke fita da irin wannan ƙarfi ya kan huda fata ya shiga tsoka. Raunin ya kan yi kamar tsinin allura, amma in ba a kai mutum asibiti nan take ba yana iya rasa yatsa ko hannu. A gaya wa likita mai ne ya shiga.

Wanda motarsa sabuwa ce, tana cikin lokacin lamunin kamfani, ya tambayi dillali kafin ya yanka bututu, don kada canjin ya soke lamunin.

A kuma sani, filta ƙazanta da ruwa ta ke tarewa. Ba ta raba gas da kananzir, ba ta gyara man da aka dafa a ɓoye a daji. Kananzir ba shi da santsin gas, in ya yi yawa famfo ya kan ci kansa ko da filta goma aka jera. Maganin wannan sai sayen mai a inda aka amince da shi.

Kulawar yau da kullum

Ko wace safiya kafin a tayar da mota, direba ko yaronsa ya duba kwano. In akwai ruwa za a ga layinsa a ƙarƙashin mai. A kwance 'yar kusar ƙasa, a tara da gwangwani har mai tsantsa ya fito. Kada a zubar kusa da rijiya ko gona. Waɗansu filtoci suna da waya mai kunna fitila a gaban direba in ruwa ya taru, in ta kama a tsaya a zubar, kada a jira sai an isa tasha.

A riƙa cika tanki da yamma in an gama aiki, domin tankin da ya kwana cike ba shi da wurin iska mai danshi. A goge bakin tanki kafin a buɗe murfi. In daga duro a ke ɗiba, a bar shi ya kwana a wuri ɗaya ba motsi, a ɗan karkata shi, kada a ja daga gindi, sauran da ya rage a ƙasa a bar shi domin wanke kayan aiki. Kada a tace mai da tsumma mai zubar da zare.

Mai hali yana iya ƙara ɗan agogon auna tsotso a tsakanin filtar farko da famfo. In allurarsa ta soma hawa, filta ta soma cika, sai a canja ta a gareji kafin ta tsai da mota a daji. Wanda ba shi da agogo ya ajiye ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta ranar canji da kilomitan da aka yi. In ya ga filta na cika da wuri bayan shan mai a wani wuri, ya san inda zai daina tsayawa.

Filtar inji kuwa a ci gaba da canja ta a lokacin da littafin mota ya faɗa, ko da an ga ta farko tana aikinta. In an zo canjin, a yanka tsohuwar a buɗe takardarta a duba. In an tarar da ita da sauƙin datti, ƙarin da aka yi ya yi amfani. In an ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wani famfo ya soma cin kansa, sai a kai motar wurin masu gwajin injekta tun ba ta kai ga tsayawa ba.